Lambar da Injiniyoyi Suka Ƙi Karɓa Daga Hannun Mai Ita

A ƙarshen watan Mayun 1934 injiniyoyin rediyo na Amurka suka hallara a birnin Filadelfiya domin babban taronsu na shekara. Cikin mahalarta har da Edwin Howard Armstrong, wanda ba sauraron lacca ne ya kawo shi ba. Lambar girman da ƙungiyarsu ta ba shi a 1917 ya zo mayar musu. Kwanaki kaɗan kafin taron Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci cewa ƙirƙirar da aka karrama shi dominta ta wani ce daban, mai suna Lee de Forest. A ganin Armstrong, tunda kotun da babu wata a samanta ta faɗi haka, ba shi da hurumin ci gaba da riƙe lambar.

Ba a bar shi ya kai ga miƙa ta ba. Aka sanar a gaban taro cewa majalisar gudanarwar ƙungiyar ta zauna, ta sake duba maganar, kuma tana nan a kan bakanta na 1917: aikin na Armstrong ne, lambar ma tasa ce. Jama'ar zauren suka miƙe tsaye ana tafi. Da yawa daga cikin masu tafin kuwa albashinsu daga manyan kamfanonin da hukuncin kotun ya yi wa daɗi yake fitowa.

Duk lokacin da na ji an ce lambar yabon ƙungiyoyin injiniyoyi ado ce kawai, wannan rana nake tunawa. Kotu tana duba takardu da kwanan wata, kasuwa tana duba wanda ya ci riba. Akwai shaida ta uku, ta mutanen da suka san aikin da hannunsu, kuma lambar yabo ita ce hanyar da suke rubuta tasu shaidar a ajiye.

Wanda ya ji kuka da wanda ya gane shi

A 1906 de Forest ya ƙara wata siririyar waya ta uku a cikin kwalbar bawul, irin wadda tsofaffin akwatunan rediyo ke ɗumama kafin su fara magana. Ya sa mata suna Audion. Tana aiki, amma ƙarfinta kaɗan ne, kuma shi kansa mai ita bai fahimci dalilin da ya sa take aiki ba, har ya ɗauka ɗan iskan da ya rage a cikin kwalbar ne sirrin abin. A 1912 Armstrong, yana ɗalibi a Jami'ar Columbia, ya ɗauki wannan kwalba ya shige ɗakinsa da ke saman gidan mahaifinsa a Yonkers. Ya ɗebo wani kaso na siginar da ke fitowa daga kwalbar ya mayar da ita ta mashiga, ta sake ƙaruwa, ta sake komowa, haka dai sau dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya. Tashoshin da a da sai an danna abin ji a kunne an kasa kunne sosai, sai ga su ana jin su daga ƙarshen ɗaki. Ya kuma lura cewa in aka ƙara turawa, kwalbar da kanta takan fara haifar da igiyar rediyo, wato na'urar karɓa ta koma ta aikawa. Daga nan ne watsa murya da kiɗa ta iska ya samu ƙafar tsayawa. Mahaifinsa ya ƙi biyan kuɗin rajistar ƙirƙirar, don haka ya zana ta a takarda ya kai wa jami'in rantsuwa ya buga mata hatimi a watan Janairun 1913. Takardar mallaka ta fito a 1914.

Hujjar de Forest ita ce wani rubutu a littafin ɗakin gwajinsa na watan Agustan 1912, lokacin da suke ƙoƙarin ƙara ƙarfin muryar wayar tarho a California sai na'urar ta ɓarke da kuka. Kowa ya san wannan kukan: shi ne wanda lasifika ke yi a wurin taro in mai magana ya matso da makirfo kusa da ita. Tushen kukan da tushen dabarar Armstrong ɗaya ne. Tambayar ita ce, wa ya ƙirƙira, wanda ya ji kukan ya nemi yadda zai kashe shi, ko wanda ya gane abin da ke haifar da shi ya ɗaure shi ya sa shi aiki? Armstrong ya ci shari'a a New York a 1921, ya faɗi a Washington a 1924, ya faɗi a Kotun Ƙoli a 1928, sannan ya sake faɗuwa a can a 1934, inda mai shari'a Benjamin Cardozo ya rubuta hukuncin. Masana aikin sun daɗe suna cewa alƙalin, duk da zurfinsa a fannin doka, ya kasa rarrabe tsakanin kaɗawar sauti da kaɗawar igiyar rediyo.

Abin da ya ƙara wa shaidar injiniyoyin nauyi a wurina shi ne ba su zalunci de Forest ba. Ƙungiyar nan ɗaya ta ba shi tata lambar a 1922 saboda kwalbar da ya ƙera. Kowa an ba shi nasa, ba a ƙara masa na wani ba.

Shari'a ba ta hana Armstrong aiki ba. Tun yana soja a Paris a 1918 ya fito da tsarin karɓar sigina wanda kusan kowane akwatin rediyo da talabijin ya bi shekaru da dama bayan haka. A ƙarshen 1933 ya yi rajistar rediyon FM. Wanda ya taɓa kama matsakaicin zango da damina ya san yadda kowace walƙiya ke shiga cikin magana da ƙarar tsartsatsi, kuma manyan masana lissafi na lokacin sun ce wannan ciwo ba shi da magani. A watan Nuwamban 1935, a gaban 'yan ƙungiyarsa a New York, ya sa aka watso shiri daga gidan wani abokinsa a Yonkers: aka tsiyaya ruwa a kofi, aka yaga takarda, kuma mutanen zauren suka ji ruwa a matsayin ruwa, takarda a matsayin takarda, babu ko ƙus a bayansu.

Kamfanin RCA, ƙarƙashin tsohon abokinsa David Sarnoff, yana da jari mai yawa a tsohon tsari kuma hankalinsa ya koma kan talabijin. Armstrong ya gina tasa hasumiyar a Alpine, jihar New Jersey, da kuɗin aljihunsa. A 1945 hukumar sadarwa ta ƙasar ta ɗage FM daga zangon da yake kai zuwa tsakanin 88 da 108, inda muke murɗa shi yau a Kano da Damagaram, lamarin da ya mayar da akwatunan da aka riga aka sayar kayan banza. Ya kai RCA ƙara a 1948 kan amfani da fasaharsa ba biya. Lauyoyi suka ja shari'ar har dukiyarsa da lafiyarsa suka ƙare. A farkon 1954 ya faɗo da kansa daga tagar gidansa a hawa na 13. Matarsa Marion ta ɗauki ƙararrakin, RCA ta biya kimanin dala miliyan 1 a ƙarshen shekarar, sauran kamfanonin ma ɗaya bayan ɗaya suka biya ko aka kayar da su, na ƙarshe Motorola a 1967. Lambobin da ya tara, har da ta Edison da aka ba shi a 1942, ba su biya masa kuɗin lauya ko na rana ɗaya ba. Wannan ma gaskiya ce game da lambar yabo, kuma bai kamata a ɓoye ta ba.

Inda al'adar ta samo asali

Ƙungiyoyin nan sun girmi lambobinsu. A Landan aka kafa ta injiniyoyin gine-gine a 1818, kuma shugabanta na farko, Thomas Telford, mai gina hanyoyi da gadoji, ya bar wasiyyar kuɗi da aka kafa lambar da ke ɗauke da sunansa. A Amurka, a 1902, abokan wani tsohon mai narkar da ƙarfe na garin Bethlehem a Pennsylvania, John Fritz, suka yi bikin cikarsa shekara 80 da kafa lamba wadda manyan ƙungiyoyin injiniyoyi huɗu suka haɗa hannu suna bayarwa. Lord Kelvin ya karɓe ta a 1905, George Westinghouse a 1906, Alexander Graham Bell a 1907, Thomas Edison a 1908. Lokacin bai zo bisa kuskure ba. An fara raba kyautar Nobel a 1901, kuma babu injiniya a cikin wasiyyar Alfred Nobel, ko da yake shi kansa mai ƙirƙira ne. Masu gina gada da masu ja wayar lantarki suka ga in ba su yabi gwanayensu ba, babu mai yaba musu su.

Ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta Amurka ta kafu a 1884, ta injiniyoyin rediyo a 1912. Suka haɗe a farkon 1963 suka zama IEEE, wadda mambobinta a yau suka haura dubu 400 a faɗin duniya, har da reshe a Najeriya. Da aka haɗe sai aka sa lambar 'yan rediyo, wadda Armstrong ya fara karɓa, ta zama mafi girma, ta Edison kuma ta riƙe matsayin mafi tsufa.

Sunan Edison a wuyan abokan hamayyarsa

Abokan Edison ne suka kafa lambarsa a 1904, shekara 25 da kunna ƙwan lantarkinsa, kuma aka fara bayar da ita a 1909. Jerin waɗanda suka fara karɓa abin a tsaya a duba ne, amma sai an tuna da rigimar da ta gabace shi. Tashar Edison ta titin Pearl a New York, wadda ta fara aiki a 1882, wutar DC take bayarwa, mai tafiya ta fuska ɗaya. Irin wannan wuta ba ta yin nisa a lokacin, da ta wuce kimanin mil ɗaya sai ta raunana, ke nan kowace unguwa sai an gina mata tasharta. Wutar AC mai kai da komo kuwa ana iya ɗaga ƙarfinta da taransifoma a tura ta nesa a siririyar waya, a sake sauke ta a bakin gari. Westinghouse ya rungumi wannan hanya. Edison ya yaƙe ta da duk abin da yake da shi. An kashe karnuka da wutar AC a gaban 'yan jarida don a tsorata jama'a, kuma kujerar kisa ta lantarki da aka fara amfani da ita a 1890 da janaretan Westinghouse aka haɗa ta. Duk da haka AC ce ta haska baje kolin Chicago a 1893, ita ce kuma ta ɗauko wuta daga magangarar Niagara zuwa birnin Buffalo a 1896.

To wa aka ba lambar Edison? Na farko Elihu Thomson, wanda kamfaninsa ya haɗe da na Edison a 1892 aka samu General Electric, aka kuma cire sunan Edison daga allo. A 1911 Westinghouse kansa, kuma dalilin da aka rubuta shi ne bunƙasa tsarin AC. A 1912 William Stanley, wanda ya haska garin Great Barrington da taransifoma a 1886. A 1916 Nikola Tesla. A 1918 Benjamin Lamme, babban injiniyan Westinghouse. Edison yana raye duk ya ga wannan, don sai 1931 ya rasu. Yabon gwani ya zama dole, kuma kwamitin da ya iya rataya sunan mutum a wuyan waɗanda suka kayar da shi ya nuna cewa aikin yake dubawa.

Tesla bai so karɓa ba. Ya yi wa Edison aiki na 'yan watanni daga 1884, suka rabu baram-baram a kan maganar kuɗi, kuma injinsa mai juyawa da wutar AC, wanda Westinghouse ya sayi izininsa a 1888, ya kusan shekara 30 yana juya masana'antu kafin a tuna da shi. Wani injiniya mai ganin girmansa, B. A. Behrend, shi ya yi ta lallashi har ya yarda. Masu rubuta tarihinsa sun ce a daren bikin, 18 ga Mayun 1917, an neme shi an rasa, sai a wani lambu da ke kusa aka same shi yana ba tattabaru hatsi. A shekarar ce kuma aka rushe hasumiyarsa ta Wardenclyffe saboda bashi. Ya rasu a ɗakin otal a New York a watan Janairun 1943, kuma an ba da labarin cewa da aka buɗe akwatin ajiyarsa daga baya ba a ga lambar ba. Kayansa suna gidan tarihi a Belgrade.

Mutumin da aka kora don bai biya kuɗin ƙungiya ba

Labarin da ya fi taɓa ni na Ingila ne. A 1922 ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta can ta kafa lambar Faraday, ta tagulla, don tunawa da cika shekara 50 da zamanta na farko, ta kuma zaɓi Oliver Heaviside ya fara karɓa. Heaviside bai yi jami'a ba. Ya bar makaranta yana ɗan shekara 16, kunnensa ba ya ji sosai tun wata cuta da ya yi yana yaro, ya yi aikin buga tangaraho a Newcastle, ya ajiye yana da shekara 24 bai sake ɗaukar aikin albashi ba. A ɗaki ya zauna ya koya wa kansa lissafi, ya ɗauki tulin lissafin James Clerk Maxwell kan lantarki da maganaɗisu ya taƙaita shi zuwa jimloli huɗun da ɗaliban injiniya ke haddacewa har yau da sunan Maxwell. Wannan ƙungiya da ta zo karrama shi ta taɓa soke sunansa daga rajista saboda ya kasa biyan kuɗin shekara.

A 1887 ya nuna da lissafi yadda za a sa murya ta yi tafiya mai nisa a wayar tarho ba ta dagule ba. Babban jami'in lantarki na gidan waya na Birtaniya, William Preece, ya ce shirme ne, ya kuma tare masa hanyar bugawa. A Amurka Michael Pupin ya yi rajistar dabarar naɗa waya a jera a kan layi, wadda ta tsaya a kan wannan lissafi, kamfanin AT&T ya biya shi ɗaruruwan dubban daloli, ya kuma samu lambar Edison a 1920. Heaviside yana can yana rayuwa da ɗan fanshon fam 120 a shekara da gwamnati ta yanka masa a 1896. A 1902 ya yi hasashen cewa akwai wani rufi a sararin sama mai dawo da igiyar rediyo ƙasa, kuma Edward Appleton ya tabbatar da shi da gwaji a tsakiyar shekarun 1920. Da wannan rufi gajeren zango ke tsallake teku da hamada, shi ya kawo Sashen Hausa na BBC cikin zaurukanmu tun 1957.

Lokacin da lambar ta zo, yana zaune shi kaɗai a wani gida a Torquay, tsufa ya kama shi, kamfanin gas ya taɓa yanke masa saboda bashi. Bai je Landan ba, shugaban ƙungiyar ne ya yi tattaki ya kai masa har gida. Ya rasu a 1925. Ban ɗauki wannan tattaki a matsayin wanke laifi ba, don lamba ba ta ɗumama ɗaki. Amma ƙungiya ce ta fito fili ta ce wanda manyanta suka raina shi ne ya fi su gaskiya, ta kuma sa sunansa a gaban na Charles Parsons, da J. J. Thomson, da Ernest Rutherford, waɗanda duk bayansa suka karɓa.

Yadda ake zaɓe

Tsarin ba shi da wani asiri. Mutum ba ya gabatar da kansa. Wani abokin sana'a ne zai rubuta abin da ya yi dalla-dalla, wasu masana su aiko da wasiƙun goyon baya, kwamitin mutanen fannin ya tace, sannan majalisar ƙungiya ta amince. A ƙarshe a taƙaita rayuwar aikin mutum a jimla ɗaya da za a rubuta a takardar shaida, kuma jimlar tana faɗin takamaiman abin da ya yi. Wannan jimla ita ce bambancin irin wannan lamba da waɗanda muka saba gani ana rabawa a ɗakunan taron otal-otal, inda ake kiran babban baƙo a miƙa masa allon gilashi bayan ya sanar da gudummawarsa. In aka tambaya me ya ƙera, me ya gyara, wace matsala ya warware, sai a yi shiru. Lambar da ba ta iya amsa wannan tambaya ba ta ƙara wa kowa daraja, tana ma rage ta waɗanda suka cancanta.

Maganar kuɗi daga baya ta shigo. Kyautar Draper, wadda daga baya ta kai dala dubu 500, ta fara a 1989, ta Sarauniya Elizabeth ta fam miliyan 1 a 2013. Ita ma IEEE ta ɗaga kuɗin babbar lambarta daga dala dubu 50 zuwa miliyan 2 daga 2025, kuma Henry Samueli, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Broadcom, ya fara karɓar sabon adadin. Na fahimci dalilin, ana so jaridu su waiwayo. Sai dai yawancin masu karɓa a yanzu ba su cikin buƙata, kuma da za a tambaye ni, na fi damuwa da jinkiri a kan yawan kuɗi.

Armstrong yana da shekara 26 aka karrama shi, shekara biyar da yin aikin. Robert Dennard ya samu takardar mallakar ma'ajiyar bayanan da ke cikin kowace kwamfuta a 1968, lambarsa ta zo a 2009. Andrew Viterbi, wanda iyayensa suka gudo da shi daga Italiya a 1939, ya wallafa dabarar tsamo saƙo daga cikin hayaniya a 1967, bai ma yi mata rajista ba, kuma da ita wayoyin GSM da suka shigo Najeriya a 2001 ke gane magana. Sai 2010 aka ba shi. Bradford Parkinson ya jagoranci aikin GPS tun 1973, ya jira har 2018. Vint Cerf da Robert Kahn sun rubuta ƙa'idar da intanet ke tafiya a kai a 1974, aka ba su a 2023 da 2024. Jacob Ziv, mai dabarar matse bayanai, yana da shekara 89 ya karɓa a 2021, ya rasu bayan shekara biyu. Jayant Baliga, haifaffen Indiya, wanda taransistarsa ta IGBT ke cikin manyan inbatocin sola da ƙananan injinan walda na zamani, ya jira kimanin shekara 30 kafin tasa ta zo a 2014. Akwai hikima a jira a ga ko aiki zai ɗore. Amma shaidar da ta zo bayan duk duniya ta riga ta yarda ba ta buƙatar jarumta irin ta 1934.

Waɗanda ba a kira ba

Abokan sana'a ma suna da makantarsu. Shekara 88 aka yi ana ba da lambar Edison kafin mace ta karɓa, Esther Conwell a 1997, wadda lissafin da ta yi tun tana ɗaliba kan yadda lantarki ke ratsa sinadaran da ake yin taransista da su ya shiga littattafan karatu. A farkon aikinta a wani kamfani an sauke mata muƙami saboda babu gurbin mace injiniya a takardunsu. Babbar lambar IEEE kuwa sai da ta shekara 98 kafin Mildred Dresselhaus ta jami'ar MIT ta karɓa a 2015, shekara biyu kafin rasuwarta. Ba don babu matan ba ne. Hertha Ayrton ta zama mamba a ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta Ingila tun 1899, kuma ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society ta ba ta lambar Hughes a 1906, bayan ta ƙi karɓar ta a matsayin mamba a 1902 da hujjar cewa matar aure ce.

Lewis Latimer, ɗan bayin da suka gudo daga Virginia, shi ya zana hotunan takardar rajistar tarhon Bell a 1876, ya samu tasa takardar a 1882 kan ingantacciyar hanyar yin zaren gawayin ƙwan lantarki, ya yi shekaru a kamfanin Edison, kuma shi kaɗai ne baƙar fata a ƙungiyar tsofaffin abokan aikin Edison da aka kafa a 1918. Ya rasu a 1928, babu sunansa a jerin lambar maigidansa.

Wanda rashinsa ya fi ba ni mamaki ɗan Afirka ne. An haifi Mohamed Atalla a Port Said ta Masar a 1924, ya yi karatu a Alƙahira sannan a Amurka, ya shiga ɗakunan bincike na Bell. A ƙarshen shekarun 1950 ya nuna cewa in aka gasa silikon ya yi wata siririyar fata a samansa, fatar tana kwantar da rikicin lantarkin da ke hana a sarrafa shi. A kan wannan ne shi da abokin aikinsa ɗan Koriya, Dawon Kahng, suka ƙera taransistar MOS a 1959, suka nuna ta a 1960. Shugabanninsu ba su ba ta muhimmanci ba, don a lokacin ba ta kai tsohuwar sauri ba. Yau akwai biliyoyinta a cikin wayar hannu ɗaya, kuma ana lissafa ta a matsayin abin da ɗan Adam ya fi ƙerawa da yawa a tarihi. Kusan duk ayyukan da aka karrama a shekarun baya-bayan nan a kanta suke zaune. Atalla ya bar Bell a 1962, daga baya ya kafa kamfanin da ya fito da na'urar kare lambar sirrin da ake dannawa a banki da injin cire kuɗi. Kahng kuma, tare da Simon Sze, ya fito a 1967 da dabarar da ma'ajiyar katin waya da filasha ke aiki da ita. Cibiyar Franklin ta ba su biyun lambar Stuart Ballantine a 1975, aka kuma sa su a zauren fitattun masu ƙirƙira na Amurka a 2009. Kahng ya riga ya rasu tun 1992, Atalla ya rasu a ƙarshen 2009, kuma babbar lambar IEEE ba ta kai ga ko ɗayansu ba.